Filastar da ƙanena ya kawo wa Inna

Farkon shekarun da aka ba mu jihar Kebbi ne fuka ta sa Inna gaba. Tun tana budurwa take shan lofe, ga kuma bandar da muke kyafa kifi a gindin tagar ɗakinta, hayaƙi safe da yamma. Ni ce a kanta. Ni ke dafa mata sassaƙe, ni ke tallafe ta cikin kwalekwale zuwa asibitin Yelwa.

Sai ga ƙanena daga Ikko, inda yake aikin jirgin ruwa, da wani ɗan kwali. Wai filasta ce ta Turai, a manna a damtse ta kashe ƙawar taba, in an bar lofe ƙirji ya sarara. Kwana uku ya yi mana ya koma. Uku fa!

A makon nan na rushe bandar, na yi ta jidar laka a ka har na gina wata can bakin ruwa. Har yau bayana bai koma daidai ba. Inna ta aje lofe, numfashi ya dawo, ƙirjin ya bar kukan nan irin na 'yar kyanwa.

To wa aka gode wa? Duk matar da ta shigo sannu, sai Inna ta janye mayafi ta nuna damtse: "Ɗana ya kawo mani." Su yi ta shi masa albarka, ni ina tsugune ina gyaran kifi. Wallahi na yi kishi, kishin da ko tuwo ba ya wuce mini.

Abin kwalin na 'yan makonni ne, amma bayan wata biyar filasta na nan a damtsenta. Wata safiya ina shafa mata man kaɗanya na duba da kyau. Ta yi baƙi ƙirin, da ƙaro aka liƙe ta.

Na ce, "Haba Inna! Wannan ai ta mutu tuntuni. Bandar da na tayar fa?"

"Na sani, ɗiyata. Hancina bai toshe ba."

"To don me ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta shafa gefen da ya ɓanɓare. "Ke ina buɗe ido in gan ki. Shi wanga abu kaɗai gare ni nashi. Miƙo mani ƙaron."

Ban miƙa ba. Ni na liƙa mata da hannuna, ina jin haushin ƙanen nawa, kuma ni na ci gaba da liƙawa har ta rasu bai zo ba.