Malam Maitama, Wanda Ya Ara wa Najib Ido

Kafin jirgin ƙasa na safe ya fara zubo ɗalibai a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar Malayawa, Malam Maitama ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa. Yakan kunna injin fotokofi ya bar shi ya ɗumama, ya goge teburin ɗaure littattafai, ya sayo shayi a mamak, gidan abincin ƙasan bene. Daga nan sai surutu. Ka kawo takarda a ɗaure maka, sai ka fita da labarin kasuwar Kurmi da yadda ya auri Bamalayiya alhali bai san kalma ɗaya a yarenta ba. Na yi zaman benci a shagon nan lokacin ina karatu, kuma ban taɓa ganin ya bar wani ya ƙarasa magana ba.

Wata mai zuwa zai miƙa shagon ga ƙanin matarsa, don gwiwa ta daina yarda da tsayuwa. Ba na son ya tafi ba a faɗi abin da ya yi wa Najib ba.

Najib makaho ne, ɗan Zariya, yana digiri na biyu a tarihin addinai. Bincikensa a kan rubuce-rubucen farko na Kwekawa ne, wata ƙungiyar Kiristoci da ta taso a Ingila fiye da shekara ɗari uku da suka wuce. Ƙananan ƙasidu ne na wa'azi da ibada. Abin da ɗakin karatu ya samo masa hotunan tsofaffin shafuka ne, tawada ta dushe, kuma manhajar da ke yi masa karatu ta kasa gane su. Wa'adin jami'a na ƙarewa, bizarsa na biye da shi. Abokan da suka yi alkawarin karanta masa sun zo kwana biyu, sai kowa ya tuna yana da jarrabawa.

Ranar da ya zo a buga masa shafukan, Malam ya dubi tulin takardun ya ce, "Yaro, wa zai karanta maka duk wannan?"

"Allah zai kawo, Baba."

"To ya kawo. Boleh lah, zai yiwu, ja kujera."

Kullum bayan azahar, in shago ya yi sauƙi, sai ya ɗora tabarau ya kama Turancin da ko jikokin masu shi sun daina yi. Yana tuntuɓe, yana komawa baya, Najib na ɗauka a waya. Sharaɗi ɗaya Najib ya gindaya: bayan kowane shafi a yi shiru. Ya ce mutanen nan haka suke ibada, su zauna tsit suna jiran abin da zai sauka a zuciya, kuma rubutunsu ba ya shiga sai an ba shi wannan sararin. Mu da muka san Malam dariya muka yi. Da farko ƙafarsa har rawa take, ya buɗe baki ya rufe. A hankali ya iya. Na taɓa shiga na tarar da su biyun sun yi jugum, injin kaɗai ke ƙara, sai da na ji kunyar takun takalmina.

Magana ta zaga unguwar Danau Kota da ke kusa. Hassan mai sayar da turare ya tare Malam a bakin masallaci ranar Juma'a.

"Malam, an ce ka koma preaching ɗin Kirista a kedai, a cikin shagonka. People are talking fa."

"Alhaji, ni idonsa ne, ba limaminsa ba. In kana da lokaci gobe, zo ka karɓe ni."

Hassan bai zo ba. Wasu sun ɗauke ƙafa daga shagon, Malam bai fasa ko sau ɗaya ba. Abin da ya ɗauka daga ƙasidun kuwa shi ne barin rantsuwa a ciniki, don masu su sun gwammace kurkuku da su rantse. Ya ce ai mu ma an hana mu yawanta ta, mantawa muka yi.

Kai ne, Malam, ka haɗiye surutun da ya fi maka abinci daɗi saboda ɗan wani. Kai ne ka bar ana yi da kai a bayan ido, ba ka bar yaro ya koma gida hannu wofi ba. Ina jin nauyin cewa ni ma ina cikin masu ido da suka tuna da jarrabawa... a'a, ba ni zan faɗa ba. Kowa ya duba kansa.

Najib ya kare kundinsa kafin wa'adi ya cika, yanzu yana koyarwa a gida. Ranar da ya fito daga gaban malaman, shagon ya nufa da sandarsa. Malam ya tambaye shi yadda aka ƙare.

"Baba, duk tambayar da suka yi, sai in ji shafin yana karanta kansa a kaina. Turawan nan duka da muryar Bakano suke min magana."

Mun gode, Malam Maitama. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma masu ido, akwai wani kusa da ku da shafi ya gagara, ku ja kujera.

Ranar da Najib ya faɗa masa haka, Malam bai ce komai ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, kuma babu wanda ya gindaya masa sharaɗin yin shiru.