Watan da Mama Ta Zo Kiwon Ɗanta

Shekara biyu da aurenmu, maigidana bai ƙara ko kilo ɗaya ba. Ni kuwa mai dafa abincin, sau biyu tela yana buɗe mini riguna. A wurinmu, in namiji ya yi aure ana sa ran wuyansa ya cika, tumbi ya ɗan leƙo, a san matarsa ta iya riƙo. Nawa mijin yana nan kamar sillen kara.

Duk Lahadi bayan sujada a coci mukan je Sabon Gari gaishe da surukata. Sai ta zagaye tsintsiyar hannunsa da yatsu biyu, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa. Ba ta taɓa cewa ina cinye rabonsa ba, matan zumuntar coci ne suke faɗa a madadinta. Nakan yi dariya, amma abin yana cina ƙwarai, don na so matar nan ta yarda da ni.

Wata rana sai ga ta a gidanmu na Samaru da jakar kaya da ƙullin daddawa.

"'Yata, ki huta da girki wata guda," in ji ta. "Zan gyara ɗana."

Aka shiga kiwo ba ji ba gani. Kunun gyaɗa da ƙosai da safe, tuwon shinkafa da man shanu da rana, farfesun ƙafar saniya kafin a kwanta. Bawan Allahn nan ya tashi da malmala uku, ya suɗe kwano, ya tambaya ko da saura. Ranar da wata ya cika muka je kemis, kowa ya hau sikeli. Nasa nauyin ko motsi. Ni da Mama dai mun samu ci gaba mai yawa.

Maƙwabciyarmu mai aikin binciken dabbobi a Shika ta ji labari, ta shigo tana dariya.

"Mama, ko maruƙa aka ba dusa iri ɗaya, wani ya yi ƙiba wani bai yi ba. Akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin yunwa da ƙoshi, da abin da jiki zai adana ko ya ƙona. Ƙwayoyin gado ne ke juya shi, wasu a kunne wasu a kashe, kowa da irin nasa. Abinci na da tasiri, amma ba shi kaɗai ne mai magana ba."

"Yanzu ɗan nawa kike haɗawa da shanu?" in ji Mama. 

Na tanadi baƙar magana mai daɗi, ina jiran mu keɓe da Mama in saki. Muna tsince shinkafa a tsakar gida sai ta riga ni.

"Babansa ma haka ya rayu, ba auki. Uwar mijina har ta mutu tana cewa ban iya ciyar da miji ba. Shekara talatin ina zaton gaskiya ta faɗa." Ta share ido da bakin zane. "Ga shi na ɗauko kayan nan na ɗora miki. Ki gafarce ni, 'yata."

Maganar da na tanada ta ɓace mini. Na matsa kusa da ita, muka ci gaba da tsintar, a cikinmu ba wadda ke ganin tsakuwa saboda hawaye.