Ƙofar Baba da Ba Ta Rufuwa

Baba, Allah ya jiƙansa, duk shekara ana saura kwana biyu Sallah sai ya shafa wa ƙofar ɗakinsa fenti. Ba ya kankare na bara, ɗorawa kawai yake yi. Bana kore, baɗi shuɗi, wata shekarar ruwan ƙasa, duk dai ragowar da ya samo a kasuwar Ɗambatta. Kafin ya rasu ƙyauren ya yi ƙiba har ya daina shiga mazauninsa. In an tura sai ya tsaya a karkace, ya bar tazarar da kaza za ta wuce. Shi ko a jikinsa.

Ni ma ban damu ba sai da shekarun nan masu wuya suka zo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai. Albashin koyarwa sai a yi wata uku ban gan shi ba. Gidaje da yawa tuwo ya koma sau ɗaya a wuni, sauran kwaɗon rama. Sai aka fara fasa rumbuna. Unguwar gabas da mu aka wayi gari an huda rumbun wani mutum an yashe shi tas, kuma a ranar na daina barci mai daɗi. Gonarmu ta kwari ta ɗan yi abin kirki, mu tara ne a gidan, kuma abin da ke rumbun shi ne zai kai mu kaka in an yi tsimi. Na riƙa kwashe dammunan kaɗan-kaɗan bayan sallar asuba ina kai su ɗakin Baba da ke jikin zaure, har suka kusa taɓa azara. Rumbun na bar shi a buɗe, kowa ya leƙa ya ga wayam.

A cikin kwanakin ne Baffa ya zo. Maƙwabcinmu ne, aminin Baba tun suna samari, yana riƙe da jikoki huɗu marayu. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi makaranta, ya tambayi zafi, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ko za a samu kwano biyu.

Na ce, "Baffa, ai mu ma saye muke yi."

Ina faɗa ina jingine da ƙofar nan, na tare tazarar da bayana. Ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya saka takalmansa ya tafi.

Abin da ya rage mini shi ne ƙofar ta rufu a sa kwaɗo. Wani ɗan kawuna da ke aikin fenti a Kano ya zo gaishe da Inna, mahaifiyata, na nuna masa. Ya buɗe jakarsa ya ciro wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, wadda ake jona wa lantarki ta riƙa huro iska mai zafi. Ya ce zai bar mini ita mako guda, amma sai da ya tsare ni da wa'azi kamar ni ne ɗalibin.

"Yaya, wannan ba ta fid da harshen wuta, shi ya sa take yaudarar mutane. Ka cire ƙyauren ka yi aikin a fili. Ka ɗaure hancinka, ka kori yara, tsohon fenti akwai gubar dalma a ciki. Kar ka tsaya wuri ɗaya, ka bar kamar faɗin tafin hannu tsakaninta da katako, ka riƙa yawo da ita. Kar ka saita ta cikin rami ko tsaga. Duk wani busasshen abu ka fitar da shi, ka ajiye ruwa kusa. In ka gama kuma kar ka je ko'ina, ka zauna awa guda kana shinshinawa. Mene ne a cikin ɗakin?"

Na ce tarkacen Baba ne.

Kwana huɗu ina jiran lantarki. Ran na biyar, bayan azahar, ƙwan zaure ya kama. Na yi wuf na cire ƙyauren na kwantar da shi a tsakar gida, na ɗaure hanci da jiƙaƙƙen rawani, na kora yara gidan kakarsu ta wajen uwa. Aikin da daɗi, ba zan ɓoye ba. Fentin yana jin zafi sai ya kumbura ya tattare, in na bi shi da ƙarfen kankara ya taso kamar ƙanzo. Ina kankarewa ina ganin Sallolin Baba suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga wani ja da ban ma tuna shekararsa ba. Ɓawon na yayyafa masa ruwa na share na ƙulle a leda, kada kaji su tsattsage.

Saura katakon da ke kafe a bango, wanda ba ya ciruwa. A nan ya kamata in fitar da geron. Na tsaya na dubi dammunan, na dubi bakin zaure inda mutane ke wucewa da rana tsaka, na ce a raina minti goma ne kawai. Ƙwan ya fara lumshewa yana dawowa, alamar za a ɗauke. Sai na shiga sauri. A kusurwar sama, inda katako ya haɗu da ƙasar bango, wani kore ya maƙale ya ƙi tasowa. Haushi ya kama ni, na kafa masa bakin na'urar na riƙe har sai da ya yi baƙi.

Ana ɗauke lantarki ladan yana kiran la'asar. Na mayar da ƙyauren, na tura, ya shige mazauninsa ƙyam, karo na farko tun ina yaro. Na danna kwaɗo, na jefa makulli a aljihu, na yi alwala da ruwan da na ajiye saboda gobara, na tafi masallaci ina jin kaina gwani. Awa gudan da aka ce in zauna ko tuna ta ban yi ba.

Masallacin taku kaɗan ne daga ƙofar gidanmu. Muna zaman tahiyar ƙarshe, kafaɗata tana gogar ta Baffa, na ji an kira sunana.

Ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai" take cewa, ko "wannan", ko ta aiko yaro. Ranar da aka haifa mini ɗa ba ta kira ba, ranar da Baba ya cika ma ba ta kira ba. Amma ga muryarta daga zaure, tana maimaita sunan nan da ƙarfi. Na sallame kafin liman, na fita ba takalmi.

Ba harshen wuta, ba ƙara. Wani siririn hayaƙi ne kawai yake fitowa daga saman ƙofar yana bin bango. Da na ga wuta ƙuru-ƙuru da ya fi mini sauƙi. Makullin ya faɗi sau biyu kafin kwaɗon ya buɗe. A ciki hayaƙin ya kwanta a ƙarƙashin rufi, dab da kan dammunan.

Inna ta ce, "Takardun! Takardun Malam suna nan sama!"

Sai a lokacin na tuna. Baba ba ya tsallake takarda mai sunan Allah. In ya tsinta a hanya, ko shafi ya yage a littattafan yara, sai ya karkaɗe ya ninke ya cusa a tsagar da ke tsakanin katakon saman ƙofa da bango, inda ƙafa ba za ta taka ba. Shekara da shekaru yana yi. Ni da kaina na sha miƙa masa ya cusa. Cikin wannan tsagar na hura zafin, kuma daga takardun sai zanar da ke shimfiɗe kan azara, busasshiya tun zamanin kakana.

Wani jan tartsatsi ya faɗo kan damin sama. Na haye na murje shi da tafin hannu. Wani ya faɗo can gefe, inda hannuna ba ya kaiwa. Ruwan da ke gidan duka bai fi rabin randa ba, matata ta taho da shi a bokiti tana salati. Ni kaɗai ba zan iya kwashe ɗakin ba kafin rufin ya kama. Na san haka sarai. Amma na tsaya, Allah ya sani na tsaya, ina auna abin da za a gani in na yi ihu. Abincin 'ya'yana yana shirin zama toka, ni kuma ina tsoron idon mutane. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji tsanar kaina.

Tartsatsi na uku da ya faɗo ya kama zangarniya, ta yi fuu. Na doke ta da hula, na leƙa waje na kwarma ihu, "Gobara! Jama'a a taimaka!"

Daidai an idar da salla. Sahun gaba ɗaya ya kwararo zauren, Baffa a gaba. Ya leƙa ɗakin, ya ga abin da ya gani, ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya ce, "Kar wanda ya taɓa rufin tukuna, in ya sha iska tashi zai yi. A jiƙa buhu a toshe tsagar. Ku jeru, hatsi za a fara fitarwa."

Shi ya shiga can ƙurya inda hayaƙin ya fi kauri, tsoho mai tari, yana ɗago dami yana miƙo mini, ni ina miƙa wa na bayana. Kowane dami sai ya bi ta hannunsa sannan ya zo nawa. Ban iya duban fuskarsa ba, ƙafafunsa nake kallo. Sama da mu zanar tana ƙara ƙas-ƙas, ina jiran lokacin da azara za ta rufto masa a ka, in zama na hana shi kwano biyu kuma na kashe shi.

Da ɗakin ya zama wayam aka sari ƙasar saman ƙofar da gatari, aka zaƙulo takardun suna ci, aka kwarara ruwan da mata suka ɗebo daga maƙwabta. Inna ta tara kwarya a ƙasa tana tare ruwan da tokar, kada a tattaka. Zanar ta ci kamar kamu biyu, azara ɗaya ta yi gawayi. Geron, ban da 'yan zangarniyoyi, bai ƙone ba.

Ga shi nan tsibi a ƙofar gida, rana tana dukansa, rabin gari a tsaye. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba wanda ya ce komai sai barka da arziki. Baffa ya zauna a dakali ya yi tari mai isarsa, gemunsa duk toka. Sannan ya ɗago.

"Dammunan duk sun fita?"

Na ce, "Sun fita, Baffa."

"To alhamdu lillahi. Yara sa ci tuwo."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya nufi gida hannu rabbana.

Ban jira mutane su watse ba. Na ɗora dami a ka, tafin hannuna da ya ƙone yana zogi, na bi bayansa kowa yana kallo. A bakin zaurensa na ja na tsaya, don ban san da wane baki zan yi magana ba in ya ce in mayar da abina. Na yi sallama, shiru. Na sake yi, shiru, sai tarinsa daga ciki. Na yi ta uku.

Ya ce, "Shigo mana, ɗan nan. Ai a buɗe take."