Takalman Baba Salifu

Muna yara a Zongon Kumasi, da an idar da Magariba sai mu zagaye murhun gawayin kakarmu, Nna Adiza. Tana ba mu tatsuniya, hannunta na shafa man kaɗe a wasu tsofaffin takalman ƙwallo. Na ƙanenta ne, Baba Salifu, makanike a Suame, mai ɗingishi da ƙarancin magana. Shi ya jefar da su, ita ta tsince.

Akwai tatsuniyar da ba ma so, don ba dariya a cikinta. Wai attajiran ƙetaren teku ne suka shirya walima suka gayyaci duniya. Danginsu kowa da kujerarsa. Baƙaƙen fata kuwa, da mutanen gabas, aka ajiye musu kujera ɗaya tak, wai su yi kokawa a kanta. Dattawan baƙaƙe suka ce ba za su ba. A cikin baƙaƙen akwai wani saurayi da ya daɗe yana wanke rigarsa saboda ranar. Ba wanda ya tambaye shi. Da aka ƙaro kujera daga baya, ƙafarsa ta riga ta lalace.

Na taɓa tambayarta ko dattawan sun yi daidai.

"Sun yi daidai paa, sosai ma," in ji ta. "Amma yaron nan, wa ya biya shi?"

Sai da na girma na gane cewa walimar gasar kofin duniya ce, wadda ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa lokacin da Ghana ke riƙe da kofin nahiyar. Baba Salifu na cikin samarin da aka kira gwaji a Accra. Ko zai samu shiga tawagar ƙasa, ko ba zai samu ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya ci masa rai ke nan har tsufa.

Shekarar da Ghana ta fara zuwa gasar, Nna ta riga ta rasu. Na je unguwar Buokrom na ɗauko Baba Salifu ya kalli wasan a gidana. Unguwa ta rikice da ganguna, shi kuwa ya zauna, hannu a kan gwiwa. Na yi ta zuba masa bayani, wai ƙin zuwan da dattawa suka yi ne ya buɗe wa yaran nan da ke fili ƙofa. Na yarda da hakan har yau, amma a gabansa maganar ta yi mini nauyi a baki.

Da aka tashi wasa ya juyo. "Ɗana, mai magana a telebijin ɗin nan, ya ambaci namu na wancan lokacin?"

Na ce masa a'a. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa sandarsa.

Takalman suna wurina yanzu. Fatar ta tsattsage, man kaɗe ba ya kama ta kuma, amma na kasa jefarwa.