Ranar da muciya ta kayar da ni

Shekarun baya, duk Maska babu mai ƙarfin hannuna. In na gaisa da mutum sai ya ƙirga yatsunsa. Har na taɓa ce wa maiɗakina tuƙin tuwo ba aiki ba ne, hira ce da muciya.

Ranar da na tara 'yan gayya karyar masara, sai na iske ta ɗora tukunyar da za a iya yi wa ɗan maraƙi wanka a ciki. Ta miƙo mini muciya ta ce, "To Malam, ga hirar, bismilla." Na naɗe hannun riga na kama tuƙi.

Washegari hannuna na dama, tsakanin gwiwa da wuyan hannu, ya kumbura ya yi zafi rau. Ko loma na kasa yi. Ni da girmana, cin tuwo da cokali!

A majalisa na ce bijimi na riƙe. Nan fa kowa ya zama likita. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja hannun har na kira mahaifiyata da ƙarfi. Wani abokina ya mulke ni da man zafi, na wuni ina fifita hannu kamar mai gasa tsire. Kumburi sai ƙaruwa, masara kuwa na jibge a gona, ga hadari kullum.

Da ƙyar maiɗakina ta ja ni asibiti a Funtua. Likita ya danna nan, ya danna can, ya ce in dunƙule hannu in juya. Na yi ƙara.

"Ƙashinka lafiya lau," in ji shi. "Tsoka ce ta kumbura. Wane aiki ka yi ta maimaitawa da hannun?"

"Bijimi ne, likita..."

"Tuwo ya tuƙa," in ji maiɗakina, ko kallona ba ta yi ba.

Likita ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ya ce a daina ja da murza, in riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma, in sha ƙwayoyin da ya rubuta, in huta da hannun. Da zafin ya lafa ya koya mini motsa shi a hankali. Masara dai sai ƙannena suka kwaso, labari kuma ya riga ni isa majalisa.

Har yau in na ji ƙarar muciya a tukunya sai hannun ya motsa, kuma ban ƙara raina aikin murhu ba. Abin da ke ba ni haushi, rannan na ce mata ai ko ba komai na ciyar da 'yan gayya.

Ta ce, "Malam, wace ciyarwa? Talge kawai ka dama. Kafin a zuba gari ka ce ana kiranka a waje."