Tafiyar Kaosarat da Ba a Yi Ba

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Singa sarin sukari da fulawa ya san shagon Alhaji Musiliu, ko da bai riƙe sunansa ba. Mahaifinsa ne ya zo Kano daga Ogbomosho a jirgin ƙasa tun yana saurayi, ya kama ɗaki a Fagge, bai sake komawa ba sai dai ziyara. A Fagge aka haifi Alhaji Musiliu, a nan shi ma ya haifi nasa 'ya'yan. Kaosarat ce ta biyu. Hausarta ta 'yan Fagge ce tsantsa, Yarbanci kuwa ba ta cika jinsa da yawa ba sai ranar da mahaifiyarta, Alhaja Bilikis, ta tashi yin faɗa.

Tun tana ƙarama yarinya ce mai yawan tambaya. Idan aka ce farashin shinkafa ya tashi, sai ta ce wa ya tashe shi. Da ta shiga jami'a ta zaɓi karatun tattalin arziki, babu wanda ya yi mamaki a gidan.

Tana shekarar ƙarshe aka yi wani ruwan sama da ya cika magudanan kasuwa, ya shiga sito ya jiƙa buhunan mahaifinta na ƙasa gaba ɗaya. Ta je ta tarar da shi tsaye cikin ruwa, ya naɗe ƙafar wando, yana kallon sukari na narkewa. Maƙwabta suka yi ta jaje, kowa na cewa ƙaddara ce. Ita ma ta yarda ƙaddara ce. Amma a aji an koya musu cewa akwai manyan asusai na duniya da ƙasashe masu arziki ke zuba kuɗi a ciki, don taimaka wa ƙasashen da sauyin yanayi ke yi wa ɓarna da ambaliya da fari. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ta wace hanya kuɗin nan suke bi da ba su taɓa isowa kwatar Singa ba? A kan wannan ta rubuta binciken kammala digirinta, kuma daga nan ta ƙulla a ranta cewa aikin da za ta yi ke nan.

Ta yi bautar ƙasa a Neja ta dawo gida, aiki bai samu ba. Ta koma zama a shagon mahaifinta tana kula da masu ɗaukar kaya. Ana cikin haka ƙawarta Rhoda ta turo mata wata sanarwa a waya. Rhoda 'yar wani malamin makaranta ce daga Zariya, tare suka yi jami'a, tana zaune a Sabon Gari gidan kawunta. Sanarwar ta ce ɗaya daga cikin asusan nan, mai hedikwata a wani birni a nahiyar Asiya, yana ɗaukar matasa horon aiki na 'yan watanni. Za a biya kuɗin jirgi, a ba da alawus duk wata.

"Wannan naki ne, Kaosara," in ji Rhoda da ta kira ta. "Kamar da sunanki suka rubuta."

Ba da sunanta suka rubuta ba. Da ta karanta sharuɗɗan, na farko ya ce dole mai nema ya kasance yana cikin karatun digiri na biyu. Ta kai maganar wurin mahaifinta bayan sallar la'asar.

"Tsaya in fahimta," ya ce. "Sai kin koma makaranta kafin su yarda ki je ki koyi aiki?"

"Haka suka ce, Baba."

"To wancan digirin da kika yi, na mene ne?"

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ta je ta sayi fom. Ta shiga karatun Asabar da Lahadi, sauran kwanakin tana kasuwa.

Daga nan ta zama mai farautar gurabe. Ashe ba asusun nan kaɗai ba ne, akwai bankunan raya ƙasa, akwai cibiyoyin bincike, kowanne da nasa shafin da nasa tambayoyin. Takan zauna a bayan shago da tsohuwar kwamfutar yayanta Waliu a cinya, ta cika shafi bayan shafi, ta zo na ƙarshe sabis ya ɗauke, komai ya goge. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gurbin da ake cewa a bayyana gogewar aiki. Mutanen nan mai koyon aiki suke nema, amma wanda ya riga ya iya aikin. Ta bincika ta ga waɗanda ake ɗauka yawancinsu sun taɓa yin horo kyauta a Abuja ko Legas ko Turai. Wa zai ciyar da ita a Abuja tana aikin da babu ko sisi?

Amsoshin suka fara zuwa, duk iri ɗaya. Sun gode da sha'awarta, masu nema sun yi yawa, suna yi mata fatan alheri. Har ta haddace, tana ganin layin farko take rufe wayar. Wasu ma ba su damu da su amsa ba.

Sai maganar takardar shaida daga malami. Malamin da ya duba bincikenta mutumin kirki ne, amma kullum yana mitin. Ta yi ta sintiri ofishinsa a adaidaita sahu, ƙarshe ya ce ta rubuta da kanta ya sa hannu. Ta zauna tana yabon kanta da bakin wani, kunya kamar ta nutse. Da aka gama, sai shafin ya ce dole malamin ya turo ta adireshin imel na jami'a, shi kuwa ya manta lambobin sirrinsa tun tuni. Sai ranar da aka rufe karɓa aka samu aka buɗe masa, wannan zagayen ya wuce ta.

A zagaye na biyu na neman gurbin asusun nan na Asiya ne aka kira ta intabiyu ta bidiyo. Saboda bambancin lokaci, da safe abin ya faɗo. A gidansu ba a maganar wuta, ga injin markaɗe a maƙwabta. Rhoda ta ce ta zo shagon kawunta Sylvester, mai sayar da sola da batura a Sabon Gari, can wuta ba ta yankewa. Sylvester ya share mata lungu, ya rataya farin zanin gado a bayanta don ya rufe kwalaye, ya kuma je ya roƙi maƙwabcinsa Ebuka, mai sayar da manyan lasifikoki, kada ya kunna komai sai an gama.

Fuskoki uku suka bayyana a kwamfutar, mata biyu da wani dattijo. Kaosarat ta gaishe su. Tana tsakiyar amsa tambaya ta biyu sai kiɗa ya ɓarke daga shagon Ebuka, har teburin yana girgiza. Mai saye ne ya zo, ya ce ba zai biya ba sai ya ji da kunnensa. Ta ga Sylvester ya fita da gudu. Ta ga dattijon nan ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya mayar. Hawaye ya kawo mata, ta haɗiye shi, ta ba su haƙuri ta ce a cikin kasuwa take. Da kiɗan ya tsaya, ɗaya daga cikin matan ta tambaye ta dalilin da ya sa take son wannan aiki. Ta ba su labarin ambaliyar Singa, da yadda ƙananan 'yan kasuwa ba su da inshora, ba su kuma san ƙofar da ake bi a nemi tallafi ba.

Ta fito tana cewa Rhoda shi ke nan, an gama da ita. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo: an ɗauke ta.

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta nuna wa kowa. Alhaji Musiliu ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba. Alhaja Bilikis kuwa guɗa ta rangaɗa a tsakar gida.

"Mama, don Allah kada ki gaya wa kowa tukuna," in ji Kaosarat. "Bari biza ta fito."

"Ni? Wa zan gaya wa?"

Ranar Lahadi, a taron asalatu, inda matan unguwa ke haɗuwa yin salati da zikiri, Alhaja ta sa aka yi wa 'yarta addu'a da suna. Kafin Litinin labari ya kai Singa. An dafa shinkafa an raba sadaka, Waliu ya sayo mata rigar sanyi mai kauri a gwanjo, wata gwaggonta ta kawo garin rogo da yaji a ƙulle, wai can ba a samu.

Saura biza. Ofishin jakadancin ƙasar yana Abuja, kuma ba a zuwa sai an nemi rana ta intanet. Ta duba, ranar farko da ke akwai ta faɗo bayan ranar da aka ce ta fara aiki. Ta rubuta wa ma'aikaciyar asusun da ke kula da masu horo, matar ta ce kada ta damu, za su aika takarda. Kaosarat ta shiga mota zuwa Abuja da kwafin takardar a jaka, ta sauka gidan wata 'yar'uwar mahaifiyarta. A bakin ƙofar ofishin mai gadi ya duba takardar sama da ƙasa ya miƙo mata.

"Hajiya, sunanki ba ya cikin na yau."

"Na sani. Amma an ce an aiko musu da saƙo a kaina."

"Ni dai ba a aiko mini ba."

Ta wuni a inuwar wata bishiya tare da wasu masu irin matsalarta. Washegari ma haka. Da ƙyar aka matso mata da rana. Da ta samu shiga, sai aka lissafo mata abubuwan da ba a rubuta a shafinsu ba: gwajin lafiya daga asibitin da su suka amince da shi, takardar shaidar ba ta da laifi, da hatimin tabbatar da digirinta. Kowanne da ofishinsa, kowanne da layinsa, kowanne kuma sai a ce ta dawo mako mai zuwa. Ta yi ta kai da komo tsakanin Kano da Abuja har direbobin tasha suka gane ta. Ta rame, ta rasa darussan makaranta, mahaifinta yana biyan kuɗin mota bai taɓa cewa uffan ba, wannan shirun nasa ma ya fi damunta.

Ranar fara aiki ta zo ta wuce. Asusun ya ƙara mata lokaci sau ɗaya. Ta rubuta ta roƙi a bar ta ta fara daga gida ta kwamfuta kafin bizar ta fito, aka ce tsarinsu bai ba da dama ba. Wata safiya tana shago ana sauke fulawa, saƙon ya shigo. Cikin ladabi aka rubuta shi. Sun yi baƙin ciki ƙwarai, amma sauran masu horo sun yi nisa, an ba na bayanta a jerin gurbin. Suna ƙarfafa mata gwiwa ta sake nema baɗi.

Ba ta yi kuka a kasuwa ba. Ta gama kula da saukar kayan, ta ce wa mahaifinta kanta na ciwo, ta tafi gida.

Bayan mako biyu aka kira ta daga Abuja ta zo ta karɓi fasfonta. Bizar ta fito. Ta buɗe ta kalle ta a cikin mota, ga hotonta, ga hatimi mai ƙyalli, ba ta da inda za ta je da ita.

Rhoda ta so ta lallashe ta, ta ce ai yanzu sun san ta, baɗi ba za ta sha wahala ba.

"Baɗi na gama karatu, Rhoda. In na gama kuma sharaɗin farko ya fitar da ni. Ko so kike in ƙi rubuta jarrabawa don in ci gaba da zama ɗaliba?"

Rhoda ita ma ta san akwai masu yin hakan.

Kaosarat ba ta yi ba. Ta gama digirinta na biyu. Yanzu da safe tana Singa, da yamma takan je shagon Sylvester, wanda ya ɗauke ta tana rubuta masa takardun neman rance daga masu tallafa wa harkar sola, don ya riƙa ba masu shaguna kaya suna biya a hankali. Guda ɗaya ta yi nasara, ƙarama, sauran ana jira. Har yanzu tana neman gurabe, waɗanda ke karɓar sababbin masu digiri, sai dai ta daina gaya wa kowa a gida.

Abin da bai ƙare ba shi ne mutane. Alhaja Bilikis ta kasa komawa taron asalatu ta warware maganar, don haka rabin Fagge na ganin Kaosarat ta je ta dawo. Kwanan baya wata Hajiya mai sarin madara ta tare ta a ƙofar shago, ta riƙe mata hannu.

"'Yata, sannu da zuwa! Ya ƙasar waje? Kin ga har kin yi haske."

"Hajiya, ban je ba."

"Kai, ke dai ba kya son a sani. To ga ɗana nan Abdulƙahhar ya gama digiri yana zaune. Ki taimaka ki nuna masa hanyar da kika bi."

Kaosarat ta dube ta, ta buɗe baki za ta fara bayani, sai ta ji ba ta da ƙarfin ɗauko labarin daga farko. Mahaifinta na daga ciki yana jin su, ya sunkuyar da kai kamar yana duba wani buhu.

"Ki turo shi, Hajiya," ta ce. "Amma ya zo da haƙurinsa."

Ta zare hannunta a hankali, ta juya ta daka wa mai kura tsawa ya matsar da kurarsa daga bakin ƙofa.