Bakan Ƙaho da Ƙwan da Ba Ya Mutuwa

Duk wanda ya daɗe a unguwar Ruwais ta birnin Jidda ya san Hatim kafinta, dogon nan mai ɗingishi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa akwatunan katako a wani sito a Khumra. A Jidda aka haife shi, Hausarsa ma rabinta Larabci ne. Ba shi da yawan magana, sai fa in tsautsayi ya sa ka tambaye shi labarin baka. To, ranar sai shayinka ya huce.

Baka biyu gare shi. Ɗaya na Japan, na gora, wanda 'yarsa Razan ta sa aka kawo masa. Ya fi Hatim tsawo, kuma ba a tsakiya ake riƙe shi ba, can ƙasa-ƙasa ne. Ɗayan na Koriya, wani injiniya ɗan ƙasar ya bar masa ranar da zai koma gida. Gajere ne, ƙahon ɓauna da jijiya da itace aka manne da gam na kifi, in an cire tsirkiya sai ya lanƙwashe baya kamar ƙahon rago.

"Dogon nan natsuwa yake so," in ji Hatim. "Ka tsaya kusa, ka yi numfashi, ka saki. Amma gajeren? Wallahi kibiyarsa sai ta tsallake filin ƙwallo."

Matarsa Mariyamu, 'yar guntuwar mace mai kaifin baki, takan leƙo daga kicin ta ce, "Dogo kuma a karkace, ai kai ke nan, Abu Razan." Shi kuma ya ce to ita ce gajeren, ba girma sai nisan harbi.

Sai dai gajeren ba ya shiri da laima. Laimar tekun Jidda kuwa, wadda ke jiƙa maka riga kafin ka kai bakin titi, in ta shige shi gam ɗin ya saki, halas, shi ke nan, babu mai gyara shi a garin. Don haka Hatim ya haɗa masa akwati, ya sa ƙaramin ƙwan lantarki a ciki yana ci dare da rana don ɗumi ya kori danshi, ya ɗora a saman wata doguwar kanta a ɗakin ajiya. Ƙorafinsa ɗaya da ɗakin, wata 'yar kujerar tsugunno ta Mariyamu da kullum sai ya yi tuntuɓe da ita.

Kai, mutumin nan ya yi alfahari da ƙwan nan! "Shekara ashirin da shida, sau biyu kacal na canja shi. Albarka ce."

"Albarka kam," in ji Mariyamu, ta ci gaba da yankan albasarta.

Ta rasu da shigowar zafi. Hatim bai yi kuka ba. Ya tsaya kwana uku a layin ta'aziyya yana miƙa hannu, sannan ya dawo ya zauna. In an ajiye abinci ya ci, in an ɗauke bai tambaya ba. Ba baƙin ciki yake ji ba, ba ya jin komai ne, kuma ya san hakan, bai ma dame shi ba. Wata biyu bai leƙa ɗakin ajiya ba.

Razan ta rasa yadda za ta fitar da shi daga gida. Ta samo wata ƙungiyar masu harbin baka da ke son ganin bambancin na Japan da na Koriya, ta ce, "Baba, na riga na ce musu za ka zo da duka biyun ranar Juma'a bayan la'asar."

"To," ya ce. Komai ma to yake cewa.

"Akwatin fa? Laimar bana ta yi yawa."

"Ƙwan nan ba ya mutuwa."

Ranar Juma'a ya sauko da dogon, ya goge shi, lafiyarsa lau. Ya shiga ɗakin ajiya, ya yi tuntuɓe da kujerar, ya ɗora hannu a murfin akwatin. Babu ɗumi. Ya buɗe, duhu. Ƙahon ya ɗago daga jikin itacen tun daga mariƙi har baki, jijiyar ta yi funfuna. Ya tsaya yana kallo, yana jira ya ji wani abu. Shiru.

Ya jawo akwatin don ya duba wayar wutar, sai ga wani babban gwangwanin madara a ɓoye a bayansa. Cike yake da matattun ƙwayayen lantarki, duk sun yi baƙi, sun fi ƙarfin ƙirga. A gefe kuma sababbi uku, an ɗaure su da irin bakin zanen da Mariyamu ke yagewa ta ɗaure komai. Ya dubi tsayin kantar. Ya dubi kujerar. Ashe duk shekarun nan Mariyamu ce ke hawa ta canja ƙwan.

Ya ɗauki sabo ɗaya ya ɗaura, haske ya kama a kan bakan da ya riga ya lalace. Ya rufe murfin a hankali, ya zauna a kan kujerar, gwiwoyinsa har ƙirji. A nan ne kewarta ta same shi, gaba ɗaya.

"Baba, yalla, za mu makara," in ji Razan daga bakin ƙofa. "Ina gajeren?"

"Kai musu dogon, 'yata," ya ce. "Shi kaɗai ya rage."